Ranar Tafiyar Elia

Wailana ta tura ƙofar ɗakin da gwiwa, don hannunta ɗaya na riƙe da kofin shayi, ɗayan kuma da ƙwayoyin magani.

"Baba, tashi ka sha tun da zafinsa. Yau ba ranar nawa ba ce."

Ba wanda ya amsa. Gadon a gyare yake tsaf, an ninke bargo an ajiye wajen ƙafa. Jakar da ta shirya masa jiya tana bakin ƙofa, takalmansa na zuwa coci a kanta. Ta leƙa banɗaki, ta zagaya bayan tankin ruwa, ta duba gindin bishiyar da yake zama yana ɗinkin komar kamun kifi. Komar na rataye, iska na kaɗa ta. Sai da ta waiwaya wajen turke gabanta ya yanke ya faɗi. Pueo, tsohuwar goɗiyarsa, ba ta nan. Sirdi ma babu.

Shayin ya zubo mata a yatsu, ba ta ko ji zafinsa ba.

Tun watan jiya likitan tsibirin Kauai ya gama magana. Ƙodar mahaifinta Elia ta gaji, in ba a fara yi masa wankin ƙoda ba, ba zai ga ƙarshen sanyin bana ba. Wankin kuwa ba na yini ɗaya ba ne, abin yi ne har iyakar rai. Nan tsibirin Niihau babu asibiti, babu turakun lantarki, babu famfo, sai 'yar wutar sola da ruwan saman da ake tarewa daga kan kwano. Tafiyarsa Kauai ta zama ce, kowa ya san haka, ba dai mai faɗa. Yayanta Kahanu, wanda ya auri 'yar can ya zauna shekara da shekaru, har ya share masa ɗaki. Jirgin ruwa na kaya ya iso tun da asuba, zai loda shanun gandu ya juya da zarar rana ta karkata. Masunta sun ce babbar igiyar ruwa ta arewa na tafe, irin wadda in ta sauka takan rufe mashigin jirgi mako da makonni. Jirgi mai saukar ungulu kuma yana can wajen gyara.

Ta tsallake katangar duwatsu ta faɗa gidan Gwaggo Kilikina, ƙanwar mahaifinta. Tsohuwar na zaune a baranda da faranti a cinya, tana huda 'yan mitsi-mitsin katantanwar teku tana shirya sarƙa.

"Gwaggo, Baba ya biyo ta nan?"

"Ke ko gaisuwa babu? Wane Baban? Mutumin da ko tsakar gida sai an riƙe masa hannu?"

"Ba ya ɗaki. Pueo ma ba ta nan."

Kilikina ta ajiye allurar. "Tsohon kawai," ta ce. "Tun muna yara haka yake. Ranar aski sai a neme shi sama da ƙasa a rasa." Ta yi nufin dariya, amma farantin ya karkace, katantanwa suka watse a kan katako. Ba ta sunkuya ta tsince su ba. "Jiya da yamma ya zo nan ya zauna. Ya ba ni wuƙarsa ta aikin gandu, ya ce in ba mijinki. Na ce ka ba shi da hannunka mana, ko kun yi faɗa ne? Sai ya yi murmushi."

"Kuma ba ki gaya mini ba?"

"In gaya miki me? Mai tafiya ai rabon kaya yake yi." Tsohuwar ta kama hannun Wailana ta matse. "In za ki nema, ki fara da duwatsu."

Wailana ta gane nufinta. Duk ƙauyen Puuwai an san labarin wani dattijo a zamanin kakanni, da ciwo ya ishe shi, ya hau duwatsun gabas bai sauko ba.

Wailana ta ɗaura wa dokinta sirdi, ta fara nufar mashigin jirgi inda mijinta Moke yake. Tun daga nesa ta hango ƙura, ta ji kukan shanu. Jirgin ya kafa hancinsa a yashi, ya sauke ƙofarsa, makiyaya na koro shanu ta tsakanin shinge. An jibge buhunan shinkafa da fulawa da robobin dakakken gwaza a gefe, mata na rabo. Tekun bai tashi ba tukuna, amma ya canza launi, yana numfashi a hankali kamar babbar dabba mai barci.

Moke ya saurare ta bai katse ta ba. Ya cire hularsa ya share goshi.

"Bari in tara maza mu bazu."

"In kuka bar shanun nan kyaftin zai gane, ya ce ba shi da lokacin jira. Ni na san sawun Pueo. Kai dai ka riƙe mini jirgin nan."

Moke ya dubi kyaftin ɗin, wani jibgegen mutum da ke tsaye a bakin jirgi yana kallon agogo yana kallon teku. Sannan ya dubi shanun.

"Zan riƙe shi."

"Ta yaya?"

"Shanu ne fa. Yaushe saniya ta san agogo? Je ki, Wailana. Ga gorata, ki tafi da ita."

Sawun Pueo ba ya ɓuya, don kofatonta na hagu na gaba a tsage yake. Wailana ta same shi a bayan makaranta, ya bi jar ƙasa ya miƙe gabas. Ta so a ce ya karkata, ko zuwa maƙabarta inda mahaifiyarta take, ko zuwa gaɓar da yake jefa koma. Bai karkata ba. Ya ratsa dajin kiyawe, bishiyar nan mai ƙaya, ƙayoyi na kama mata wando suna yagar hannu, tumakin jeji na tashi a guje daga inuwa. Ƙasa ta bushe ƙayau, rabon tsibirin da ruwan kirki tun bara. Tana tafe tana kiran sunansa, in ta yi shiru sai ta ji bugun zuciyarta ya fi ƙarar kofato.

Ta tuna da yadda aka yi maganar tafiyar. Ita da Kahanu suka yanke ta rediyon oba-oba, shi yana can ita tana nan, Elia na zaune a gefe yana sauraro. Da suka gama ta ce, "Baba, ka ji ko?" Ya ce, "Na ji." Shi ke nan abin da ya faɗa, ita kuma ta ɗauke shi a matsayin yarda, don yardar take so.

Hanya ta fara hawa. Dokin ya jiƙe da gumi, duwatsu na zamewa ƙarƙashinsa. Da ta kai ƙoli iska ta buge ta har sai da ta kama geza. Ga Kauai can a ƙetaren ruwa, kore shar, gizagizai sun taru a kan tsaunukansa suna ta zuba masa ruwa, kamar kullum, kafin su iso nan sun tsiyaye. Sawun ya tafi kai tsaye har bakin dutse, inda ƙasa ta ƙare.

Ta sauka. Ta durƙusa ta rarrafa. "Ya Allah," take ta faɗa, "ya Allah, kada ka nuna mini." Ta kwanta rub da ciki ta leƙa. Can ƙasa mai nisa ruwa na dukan baƙaƙen duwatsu yana farin kumfa, tsuntsayen teku na shawagi ƙasa da ita. Ta bi kowane lungu da ido, tana neman jar rigarsa. Wani abu ja ya motsa, numfashinta ya ɗauke, sai ta ga ashe tsumman raga ne ruwa ke wasa da shi.

Ta ja da baya ta zauna, jiri na ɗibarta. A nan ta lura ƙasar wajen duk a tattake take, alamar goɗiyar ta daɗe a tsaye tana sauya ƙafa. Ga kashinta ma, bai gama bushewa ba. Daga nan sawun ya juya ya gangara kudu, kuma ya nutse a ƙasa yadda ya zo. Da mutum a bayanta ta tafi.

Wailana ta hau doki tana kuka tana zagi. Rana ta riga ta kai tsaka.

Gangarar ta kai ta fili, filin ya kai ta tafkin Halalii. A shekarar ruwa tafkin kan cika har a kama kifi a cikinsa, amma bana ya janye ya bar jar laka mai tsattsagewa da farin gishiri a kai, sai ɗan ruwa can tsakiya da tsuntsaye masu dogayen ƙafafu. A gefen da jema ke tsirowa ne kaɗai ciyawa ta rage a duk tsibirin. A nan ta hango Pueo tana kiwo, bayanta tsirara, ba sirdi ba linzami.

Sirdin na rataye a reshen kiyawe. A gindin bishiyar ga jar riga, ga mutum kwance, hula a kan fuskarsa.

Ba ta san lokacin da ta diro ba. Ta fizge hular.

Elia ya buɗe ido ɗaya. "Rana," ya ce. "Mayar mini da hulata."

Wailana ta zube a ƙasa. Ta ɗaga hannu kamar za ta doke shi, sai ta kama rigarsa ta cusa fuska a ƙirjinsa. Numfashinsa gajere ne, yana fita da ɗan kuka. Ƙafafunsa sun kumbura har fatar na sheƙi, leɓunansa sun bushe sun yi fari.

"Baba, so kake ka kashe ni? Jirgi na jira, duk gari hankali ya tashi, kai kana nan kana barci?"

"Ba barci nake ba. Hutawa nake. Na taso in dawo da ƙafa, ƙafar ta ce ba da ita ba."

Ta ɗago kansa ta ba shi ruwa kaɗan, yadda likita ya ce, ya kama gorar yana son ƙari ta janye.

"Me ya kawo ka nan?"

Ya nuna goɗiyar da haɓa. "In na tafi wa zai kula da ita? Moke zai ɗaure ta a turke yana ba ta busasshiyar ciyawa don kunyata, haƙoranta kuwa sun ƙare. Nan akwai ɗanye, akwai ruwa. A nan na kama ta tana 'yar duƙushiya, uwarta ta kusa karya mini haƙarƙari."

"Da ka faɗa ai da na kawo ta."

"Da kin ce gobe."

Gaskiya ya faɗa. Can ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Ka hau duwatsu."

"Na hau."

"Me ka je yi?"

Elia ya dubi tafkin. "Na je in ga inda za ku kai ni. Daga can aka fi ganinsa." Ya yi tari, ya jira numfashinsa ya dawo. "Na daɗe a wurin, Wailana. Ba zan yi miki ƙarya ba, na daɗe. Pueo ce ta gaji da tsayuwa ta juya da kanta. Ni kuma ban ja linzami ba."

Iska ta taso daga yamma, ta kawo wata ƙara mai nauyi kamar ana mirgina ganguna a nesa. Dukansu sun san ta. Igiyar arewa ta fara isowa.

"Baba," ta ce, "ban taɓa tambayarka ba. Yanzu ina tambaya. Za ka je?"

"Yanzu da kika gama shirya jaka?" Ya ɗan murmusa, murmushin bai daɗe ba. "Ina tsoro, 'yata. Ban taɓa kwana a inda ba na jin teku ba. Amma na leƙa ɗaya hanyar ɗazu, na ga ita ma ba tawa ba ce. Ɗaga ni."

Ɗaga shi ya zama aiki. Mutumin da a da yake kayar da bijimi shi kaɗai, yau ya kasa sa ƙafa a likkafa. Ta jawo dokin kusa da wani kututture, ta sa kafaɗa ta tura, ya zame, suka faɗi tare. Ya yi amai, ta share masa baki da gefen rigarta. A karo na gaba ta ɗora shi da ƙyar, ta hau bayansa ta zagaye shi da hannuwa ta kama linzami.

Ba su yi nisa ba suka ji kofato a bayansu. Pueo ce ke biye, kanta a ƙasa.

"Koma!" Elia ya daka mata tsawa. Ba ta koma ba. "Koma, shashasha! Ba ki ga ciyawa ba?" Ya cire hularsa ya jefe ta da ita. Goɗiyar ta tsaya, ta sunsuni hular, ta ɗaga kai tana kallonsu. Elia ya juya gaba. Wailana ta ji bayansa na girgiza a ƙirjinta, ta dai ƙara wa dokin ƙaimi.

Sauri ba ya yiwuwa, ko ɗan sassarfa ya yi sai tsohon ya yi nishi. Ta bi gaɓar yamma ta kan tuddan yashi, tana kallon raƙuman ruwa na tasowa jere-jere, kowanne ya fi na gabansa. Inuwarsu ta fara tsawo. Sau biyu ta ji ƙahon jirgi. A kan tudu na ƙarshe ta runtse ido kafin ta duba.

Jirgin na nan. Yana tashi yana faɗuwa, ƙofarsa na dukan yashi, kyaftin na ta ihu yana ɗaga hannuwa sama. A bakin ruwa makiyaya na zagaye da wani baƙin bijimi, suna jefa igiya tana kuskurewa, mutanen da ko a mafarki ba sa kuskure. Moke na hango su ya yi fito. Nan take igiya ta faɗa wuyan bijimin, aka ja shi ciki kamar ɗan akuya.

"Ban taɓa ganin makiyayan banza irinku ba!" in ji kyaftin. "Ku sa mini mara lafiyan nan yanzu, ko in bar shi!"

"Yi haƙuri, kyaftin," Moke ya ce, duk jikinsa laka. "Shingen ne ya tsufa."

Rabin ƙauyen na wurin. Gwaggo Kilikina ta zo da jakar a motar gandu. Da aka sauke Elia ta tsaya a gabansa tana huci.

"Ka kyauta. Ka girma ba ka san ka girma ba." Ta ciro sarƙar katantanwa fara sol daga aljihu ta rataya masa a wuya, hannunta ya daɗe a kafaɗarsa. "Saura ka je can ka ba mu kunya, ka ce ba ka son abincinsu."

"Wanda ya ci girkinki ya rayu, me zai gagare shi?" ya ce.

Wani dattijon coci ya ɗauko waƙar ban kwana, mata suka amsa, amma ƙarar ruwa ta danne rabinta. Moke da wani makiyayi suka ɗauki Elia cak, suka jira raƙumin ruwa ya janye, suka ruga da shi kan ƙofar jirgin. Wailana ta bi su da jakar, ruwa har gwiwa. Shirin shi ne ta miƙa jaka ta dawo, Kahanu zai tarbe shi a can.

Wani ma'aikacin jirgi ya sunkuyo yana yi wa Elia magana da Turanci, da sauri, yana nuna wani benci da rigar ruwa. Elia ya dube shi, sannan ya waiwayo ya dubi 'yarsa. Yana jin Turanci daidai na ciniki, amma yau ko kalma ɗaya ba ta shige shi ba.

"Cewa ya yi ka zauna can ka sa wannan," ta ce.

Ya gyaɗa kai. Ya kama hannunta, ya yi ƙasa da murya yadda Moke ba zai ji ba. "Can da wa zan riƙa magana? Kahanu tun asuba yake fita aiki. 'Ya'yansa in na yi musu magana da harshenmu sai su kalli uwarsu."

Bai jira amsa ba, ya saki hannun ya bi ma'aikacin yana dafa ƙarfe.

"Duk wanda ba matafiyi ba ya sauka!" kyaftin ya yi ihu. Injin ya ɗauki ruri.

Moke ya dira cikin ruwa ya miƙo mata hannu. Wailana ta dubi hannun. Ta dubi gaɓa, da dokinta da ba a kwance wa sirdi ba, da hanyar da ta tafi gida inda 'yarsu Nohea za ta dawo daga makaranta ta tarar da murhu a sanyaye. Ba ta da komai a jikinta sai yagaggen wando da riga mai warin amai. In ta tafi, sai igiya ta kwanta, kuma ba wanda ya san ranar.

"Moke," ta ce.

Ya dube ta, ya sauke hannun a hankali. Sai ya tuɓe rigarsa ta sama ya dunƙule ya jefo mata.

"Akwai sanyi a tsakiyar ruwa. Ni zan gaya wa Nohea."

"Dankalin da ke bayan tanki, kada ka bar aladu su..."

"Je ki, mace! Kin ga na taɓa kashe gida?"

Sarƙoƙi suka yi ƙara, ƙofar ta tashi ta raba su.

Jirgin ya ja da baya, ya juya, raƙumin farko ya ɗaga shi ya maka. Shanu suka yi ta kuka suna zamewa. Wailana ta lulluɓa wa mahaifinta rigar Moke, ta zauna kusa da shi ta riƙe shi da hannu ɗaya, ɗayan ta kama ƙarfe. Ya zauna ya ba tsibirin baya, idanunsa a rufe.

"Ba zan iya kallo ba," ya ce. "Ke ki duba mini. In ya ɓace ki faɗa."

Suka zagaya ƙarshen tsibirin suka shiga babban ruwa. Ta ga tuddan yashi sun nutse, filin ya bi su, saura duwatsun gabas kaɗai a tsaye.

"Yana nan?"

"Yana nan, Baba."

Feshin ruwa ya tashi ya zama hazo. Duwatsun suka yi shuɗi, suka yi toka-toka, har ta kasa raba su da sama. Ta ci gaba da kallon wurin, ido na yi mata zafi da gishiri. Babu komai sai ruwa.

Kansa ya kwanto a kafaɗarta, ya yi nauyi. Ta ɗauka barci ya yi, sai ta ji muryarsa can ƙasa.

"Har yanzu?"

Wailana ta gyara masa rigar a wuya.

"Yana nan," ta ce.